Daga Abuja zuwa asibitin unguwa: tarihin hanyar da kuɗin talaka ke bi



Duk lokacin da mace ta je awo aka ce ta sayo safar hannu da auduga da kanta, ko yaro ya dawo daga makaranta ya ce malamai na yajin aiki, abin da muka saba faɗa shi ne "gwamnati ba ta kyauta ba". To amma wace gwamnatin? Kuɗin da ke riƙe asibitin unguwa da makarantar firamare daga Abuja yake tasowa, kuma tun 1976 ake ta sauya masa hanya. Waiwaye adon tafiya ne, shi ya sa muka ga ya dace mu bi wannan tarihi tare, mu san ƙofar da ya kamata mu ƙwanƙwasa.

A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul. Tsarin En'e da iyayenmu suka sani a Arewa da tsarin kansiloli na Kudu duk aka mayar da su iri ɗaya, aka kuma ce ƙaramar hukuma mataki ne na uku na gwamnati mai haƙƙi a kuɗin tarayya. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta na UPE a faɗin ƙasa. Ga Kudu maso Yamma abin ba sabo ba ne, domin Awolowo ya fara shi tun 1955. Daga baya Lateef Jakande, tsakanin 1979 da 1983, ya cika Legas da azuzuwa har ya kawo ƙarshen karatun rabin yini, inda wasu yara ke zuwa da safe wasu da rana. 'Ya'yan Hausawan Agege da Idi-Araba da suka shiga boko a wancan zamani sun ci wannan moriya.

Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, aljihun gwamnati ya yi ƙasa. A 1986 Janar Babangida ya kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta zube, magani ya yi tsada. A daidai lokacin ne ministan lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya dage cewa lafiyar talaka daga unguwa take farawa: rigakafi, awon ciki, ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa. Aka ɗora kula da lafiya a matakin farko a wuyan ƙananan hukumomi, sannan a 1992 aka kafa hukumar NPHCDA ta riƙa dafa musu daga sama. Tunanin mai kyau ne, sai dai an miƙa nauyi ga matakin gwamnatin da ya fi kowa ƙarancin kuɗi.

Haka aka yi ta wasan ƙwallo da makarantun firamare. A 1988 aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa don ta tabbatar da albashin malamai. A 1991 aka rushe ta aka bar wa ƙananan hukumomi, nan take bashin albashi ya taru, yajin aiki ya yawaita. A 1993 dole aka dawo da ita. Zamanin Abacha kuma sai ga PTF ƙarƙashin Janar Buhari tana kai magunguna da littattafai kai tsaye, amma da farar hula suka dawo a 1999 aka rufe ta. Darasin shekarun nan ɗaya ne: shirin da ya dogara da mutum ɗaya ko gwamnati ɗaya, ranar da suka tafi shi ma ya tafi.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ƙananan hukumomi 774, ya ba su kasuwa, tasha, shara, maƙabarta da rajistar haihuwa, tare da hannu a firamare da kiwon lafiya. Kasonsu a asusun tarayya kashi 20.6 cikin ɗari ne, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Amma sashe na 162 ya ce kuɗin ya fara sauka a asusun haɗin gwiwa na jiha. Nan gizo ke saƙar. Gwamnoni da yawa suka riƙa yanke abin da suka ga dama, suna naɗa kantomomin riƙo maimakon a yi zaɓe, ciyaman ya koma mai jiran a sam masa.

Mu a Legas mun ga wani salon rikicin da idonmu. Jihar na da ƙananan hukumomi 20 ne kacal a kundin tsarin mulki. Gwamna Bola Tinubu ya ƙirƙiro wasu 37, sai Shugaba Obasanjo ya riƙe kason ƙananan hukumomin jihar a 2004. A watan Disambar shekarar Kotun Ƙoli ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, ta kuma ce sababbin ba su cika ba sai majalisar tarayya ta shigar da su. Sai a 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ba da umarnin a saki ragowar. Waɗannan 37 ɗin su ne muke kira LCDA a yau, irin su Orile-Agege. Har yanzu Abuja 20 ta sani, a nan gida ake raba wa 57.

Saboda rashin yarda da wannan hanya, tarayya ta fara ware kuɗi na musamman da doka. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin tushe, da sharaɗin jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta. Jihar da ba ta ajiye ba, kuɗinta na zaune a Abuja, yara na zaune a ƙasa. Dokar lafiya ta 2014 da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari ga lafiya a matakin farko: rabi ta hanyar inshora, kashi 45 na asusun ga magani da gyara da ma'aikata, kashi 5 ga agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Manufar ita ce kowace gunduma ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki.

Daga 2016 gwamnatin Buhari ta kawo N-Power, ciyar da 'yan firamare, da tallafin naira 5,000 a wata ga gidajen da ke cikin rajistar marasa ƙarfi ta ƙasa. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, kason da ake rabawa ya ƙaru sosai, tsadar rayuwa ma ta ƙaru. A Janairun 2024 aka dakatar da shirye-shiryen tallafin na wani lokaci don bincike. Sannan a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma kada a ba kantoman riƙo ko sisi. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma doka ta riga ta faɗi wanda ke da kuɗin.

Ina namu a ciki? Idan muka duba, duk waɗannan shirye-shirye da gunduma da sunaye suke aiki. Yawan jama'a na cikin ma'aunin da ake raba kaso da shi, kuma rabon da a yi ƙidaya tun 2006. Wanda ya tafi gida aka ƙidaya shi can, ya yi katin zaɓe can, alhali matarsa a Agege take haihuwa, 'ya'yansa a Mile 12 suke karatu, ya kai nauyinsa wani wuri, ya bar buƙatarsa a wani wuri. Kansilan da ba mu zaɓa ba, ba mu kuma iya kayarwa ba, ba zai yi gaggawar sauraronmu ba. Kundin tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya so, ya kuma hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa, amma haƙƙin da ba a bi sawunsa ba a takarda yake kwana.

Don haka muna kira ga 'yan uwa. Kowa ya yi lambar NIN da katin zama na LASRRA, wanda na duk mazaunin jihar ne ba na ɗan asali kaɗai ba. A yi wa jarirai takardar haihuwa, a kai su rigakafi. Wanda ya zauna a nan dindindin ya dawo da katin zaɓensa inda yake kwana. Sarakunanmu da shugabannin kasuwa su nema mana kujera a kwamitin lafiya na gunduma da kwamitin kula da makaranta, mata ma su samu wakilci, domin su ne ke layin awo. Idan an zauna, tambayarmu gajeriya ce: nawa aka turo, me aka yi da shi?

Muna biyan kuɗin rumfa, kuɗin tasha da na shara kullum. Wanda ke zuba wa asusu yana da bakin tambaya, a yi ta cikin ladabi da zaman lafiya da maƙwabtanmu Yarabawa, waɗanda layi ɗaya muke bi da su a asibitin.

Allah ya ba mu shugabanni masu tausayi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Sakataren ƙungiya