Daga Kati Zuwa Jadawalin Kwamfuta: Waiwaye Kan Tarihin Fihirisar Littattafai

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda fihirisar littattafai ta baro akwatin kati ta koma intanet, da kuma irin sabon haɗarin da ta gamu da shi tun da masu kula da ita suka fara sauke ta cikin jadawalin kwamfuta, su yi gyara, sa'an nan su sake ɗora ta.

Shi kati daɗaɗɗe ne. A shekarar 1791 gwamnatin juyin juya halin Faransa ta umarci a rubuta bayanin littattafan da ta ƙwace a bayan katin karta, kowane littafi da katinsa. A 1901 kuwa Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fara sayar wa sauran laburarori bugaggun katuna, watau gwani ɗaya ya tsara bayani, dubbai su amfana. Wannan tunani ne Henriette Avram ta mayar cikin na'ura, inda ta jagoranci ƙirƙiro tsarin MARC tsakanin 1966 da 1968. A tsarin, kowane bayani yana da gurbinsa mai lamba: sunan marubuci a 100, sunan littafi a 245. Ƙungiyar OCLC ta jihar Ohayo ta buɗe fihirisar haɗin gwiwa ta kwamfuta a 1971, sai dai kati bai mutu nan take ba, domin sai a 2015 ta buga na ƙarshe.

MARC aikin ƙwararru ne, malamin makaranta ko mai kantin littattafai ba ya iya shi. Abin da ya sa fihirisa ta shigo hannun kowa ya ɓullo ne daga wajen masu lissafin kuɗi. A 1979 Dan Bricklin da Bob Frankston suka fito da VisiCalc, manhajar da ke shimfiɗa falle mai gidaje a jere, tsaye da kwance. Lotus 1-2-3 ta biyo baya a 1983, Excel a 1985. Ba a daɗe ba mutane suka lura cewa layi ɗaya na jadawalin zai iya tsayawa a madadin kati ɗaya. Da dandalin LibraryThing ya bayyana a 2005, Goodreads kuma a 2007, sai suka ba mai rajista damar sauke jerin littattafansa ko ɗora shi. Mafi yawa ana yin haka da fayil irin na CSV, wanda rubutu ne zalla, waƙafi ke raba gida da gida. Gyaran da a da zai ci wata guda ana zare katuna, yanzu yini ɗaya ya ishe shi.

To, amma ita manhajar an gina ta ne domin lissafi, saboda haka duk abin da ya yi kama da adadi, adadi take ɗaukarsa. A nan ne lambar littafi ta duniya, watau ISBN, wadda aka amince da ita a 1970, take shan wahala. Tsohuwar lambar alƙaluma 10 ce, kuma ta littattafan Ingilishi da yawa da sifiri take farawa. Excel kuwa sai ta share sifirin, don a ilimin lissafi sifirin farko ba shi da daraja. Tun daga 1 ga Janairu 2007 lambar ta koma alƙaluma 13, wannan kuma sai manhajar ta dunƙule ta ta nuna 9.78E+12. Idan aka adana fayil ɗin a haka aka ɗora, sauran alƙaluman sun tafi ke nan, ɗaruruwan littattafai su wayi gari da lamba iri ɗaya. Wannan ne ya sa Goodreads take naɗe lambar cikin wasu alamomi a fayil ɗin da take bayarwa, don manhajar ta ƙyale ta.

Mu masu nazarin Hausa muna da ƙarin tamu matsalar, ita ce ta haruffa masu lanƙwasa. Tsarin ASCII na 1963 bai san da ɓ da ɗ da ƙ ba. Sai da Unicode ya zo a 1991 suka sami gurbi a tsarin da duniya ta yi tarayya a kai. Duk da haka, idan aka buɗe fayil da tsarin haruffan da ba nasa ba, littafin Bello Kagara na 1934, Ganɗoki, sai ya koma GanÉ—oki. Ɗalibin da ya nemi littafin da sunansa na gaskiya ba zai same shi ba, sai ya ɗauka babu shi a laburaren, alhali yana nan kan kanta.

A ganina babban bambancin yana wajen girman ɓarna. Kuskuren magatakarda a zamanin kati, kati ɗaya yake lalatawa, na kusa da shi yana nan lafiya. Ɗora fayil kuwa yana iya taka dubban bayanai a lokaci guda, har da gyaran da wani ya yi bayan an sauke. Shi ya sa masu kula da fihirisa suka koyi ajiye kwafin asali kafin su taɓa komai, su sanar da manhajar cewa gidan lamba rubutu ne ba adadi ba, kuma su gwada layuka kaɗan kafin su ɗora sauran.