Malam Aminu Kano: Malami, Marubuci, Mai Tafsiri

Idan aka ambaci Malam Aminu Kano, abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne jam'iyyun NEPU da PRP. Amma kafin siyasa akwai malanta, kuma bai taɓa ajiye ta ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

An haife shi a 1920 a birnin Kano, a gidan ilimi. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali. Ya yi karatun allo, ya shiga makarantar Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna, inda ya gama a 1942. Tun yana ɗalibi yake rubuta wasannin kwaikwayo na Hausa da ke tona asirin masu cutar talaka a kasuwa da fada.

Aikinsa na farko koyarwa ne a Midil ta Bauchi. A can ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, suka riƙa zaman tattaunawa kan halin da Arewa take ciki. A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa, ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948. Daga nan aka tura shi makarantar horon malamai ta Maru, har ya ajiye aikin gwamnati a 1950. Labarin tafiye-tafiyensa kuwa ya zuba shi a littafin Motsi Ya Fi Zama.

Malam bai riƙe limanci ba, bai hau kujerar alƙalanci ba, amma duk azumi yakan zauna tafsiri a gidansa. Mai jan baƙi ya kawo aya, shi kuma ya warware ta da Hausar da ɗan dako da mai faskare za su gane. Ya fi tsayawa kan ayoyin adalci da amana da haƙƙin mata, yana nuna cewa hana 'ya mace ilimi al'ada ce da ba ta da tushe a addini.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Gidansa na Gwammaja, Gidan Mambayya, yanzu cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero. Masu tinƙaho da sunansa a yau, su tuna cewa ilimantar da talaka shi ne aikin da ya fara da shi, kuma shi ya bar musu. Allah Ya jiƙan Malam.