Sorbe: ƙanƙarar ƴaƴan itace marar maiƙo, amma mai sukari

Idan zafin Afrilu da Mayu ya kankama, kowa abin sanyi yake nema. Ƴan uwanmu da ke zaune a Faransa ko Beljik kan ga wani abu a kantuna mai suna sorbe, an rubuta a jikinsa cewa babu maiƙo. Bari mu faɗi ko mene ne shi, da inda ya kamata a yi hattara.

Mene ne sorbe?

Sorbe kayan zaƙi ne da ake daskarar da shi. Abu uku ake haɗawa: ruwa, sukari, da ruwan ƴaƴan itace ko markaɗaɗɗen namansu. Ba a sa madara, ba a sa ƙwai. A nan ya bambanta da galas, wanda wasu ke kira askirim, don shi maiƙon madara ne ke ba shi laushi. A Amurka doka ta ce askirim sai ya ƙunshi aƙalla kashi 10 cikin ɗari na maiƙon madara. A Faransa kuwa ƙa'idar masu sana'ar ita ce sorbe ya ƙunshi aƙalla kashi 25 cikin ɗari na ƴaƴan itace, a rage adadin idan masu tsami ne irin su lemun tsami.

Asalin sunan

Kalmar ta yi doguwar tafiya. Tushenta Larabci ne, daga kalmar da ke nufin sha. Turkawa suka ce "sherbet" ga abin sha mai zaƙi da ake sanyayawa da ƙanƙarar tsaunuka. Daga nan ta shiga Italiya, sannan Faransa. A birnin Napoli, wani shugaban masu girki mai suna Antonio Latini ya rubuta yadda ake haɗa shi a littafinsa, a ƙarshen ƙarni na 17.

Mu ma ba baƙonmu ba ne. Zoɓo, tsamiya ko kuka da mata ke ƙullawa a leda su daskarar, yara su kai tasha da bakin makaranta, danginsa ne. Bambancin kawai, shi sorbe ana motsa shi yayin da yake daskarewa, shi ya sa ake shansa da cokali maimakon tsotsa.

Aikin sukari a ciki

Ruwa zalla idan ya daskare dutse yake zama. Sukari ne ke hana shi sandarewa gaba ɗaya, motsawa kuma tana farfasa ƙanƙarar ta yi laushi. To a nan gizo ke saƙar: tunda babu maiƙo, sukari ne ke ɗauke da aikin, yakan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na haɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada sukarin da baligi ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙananan cokali 12. Don haka mai ciwon sukari kada ya ji an ce "babu maiƙo" ya saki jiki. Ya tuntuɓi jami'in lafiya tukuna.

Yadda ake yi a gida

A samu naman nunannen mangwaro rabin kilo, a markaɗa. A tafasa ruwa ƙaramin kofi ɗaya da sukari giram 150, a bari ya huce. A haɗa, a matse lemun tsami guda, a sa a sashen ƙanƙara na firigo. Kowane rabin awa a fito da shi a buga da cokali, har sau biyar ko shida. Kankana da gwaba ma suna yi.

Tsaftar ruwa

Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi. Idan ruwan da aka yi haɗin da shi gurɓatacce ne, yana iya jawo zawo ko zazzaɓin taifot ko da ya zama ƙanƙara. Ga mata masu sana'ar, a tafasa ruwa, a wanke hannu da sabulu kafin ƙulla leda. Idan kuma wuta ta daɗe da ɗaukewa har kayan suka narke suka yi ɗumi, kada a mayar da su firigo a sayar. Asarar yini guda ta fi sauƙi a kan yaron maƙwabci ya kwana a likita.