Bangon da ke ƙara wa mai iyo sauri: tarihin gasar ninƙaya ta mita 25

Mai karatu, in kai mutumin Kurfi ne ko Dutsin-Ma, ka san iyon da yara ke yi a rafi da damina, ko a bakin dam ɗin Zobe, ba ruwansa da awo. Wanda ya riga isa ƙetare shi ne gwani. To a gasar duniya ba haka abin yake ba. Tsawon tafkin da aka yi tseren a ciki yana iya sauya sakamako, har ta kai hukumar ninƙaya ta duniya tana riƙe da kundin tarihi biyu, ɗaya na tafki mai mita 50 irin na Olamfik, ɗaya na mai mita 25.

An kafa hukumar, wato FINA, a Landan a 1908 (tun 2023 sunanta World Aquatics). Da farko tana karɓar bajintar da aka yi a tafkuna masu tsawo iri-iri. Sai aka lura lokutan da ake samu a gajeren tafki kullum sun fi kyau, saboda haka daga 1957 ta ce na mita 50 kaɗai za ta riƙa rubutawa. Shekara talatin da 'yan kai ke nan gajeren tafki yana zaman ɗan bora, duk da cewa a cikinsa akasarin 'yan wasan Turai ke atisaye da hunturu. Sai a 1991 aka buɗe masa nasa kundin, kuma a Disambar 1993 aka yi gasar duniya ta farko a Palma de Mallorca da ke Sifaniya.

Me ya sa ya fi sauri, alhali nisan ɗaya ne? Amsar tana jikin bango. A tseren mita 100, mai iyo zai juya sau ɗaya a dogon tafki, sau uku a gajere. A mita 1,500 kuwa juyi 29 ne da 59. Duk juyi dama ce ta dunƙule jiki ya tunkuɗi bango da ƙafafu biyu, kuma saurin da yake fita da shi a wannan lokacin ya fi wanda hannuwa za su iya ba shi. Ƙari a kan haka, kafaɗunsa na samun ɗan hutu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan daɗin bayani. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka babban aikin mai iyo shi ne rage turjiyar ruwan. Idan kana saman ruwa, wani kaso na ƙarfinka yana tafiya ne wajen tayar da igiyar ruwa, irin wadda kake gani a gaban kwalekwale. Ka nutsa ƙasa kaɗan, wannan asarar ta ragu sosai. Wato ƙarƙashin ruwa ya fi samansa sauri, in dai numfashinka zai kai.

'Yan wasa sun gano haka, suka kuma wuce gona da iri. A Olamfik na Seoul a 1988, David Berkoff na Amurka ya riƙa shafe fiye da mita 30 a nutse a tseren rigingine, yana kaɗa ƙafafu a haɗe kamar bindin kifi. Daichi Suzuki na Japan ya yi masa irin nasa, ya kuma karɓe zinaren. 'Yan kallo dai sun biya kuɗi suna kallon ruwa ba kowa. Hukuma ta sa iyaka, wadda daga baya ta tsaya a mita 15 bayan tashi da bayan kowane juyi. Yanzu ka yi lissafi: a tafkin mita 25, mita 15 kashi 60 cikin ɗari ne na tsawon. A Budapest a Disambar 2024, Jordan Crooks na tsibiran Cayman ya yi mita 50 cikin daƙiƙa 19.90, mutum na farko da ya sauka ƙasa da 20. César Cielo na Brazil ya yi 20.91 a dogon tafki a 2009. Juyi ɗaya tak, kusan daƙiƙa guda.

Wasu masana wasan na raina gasar, wai ta gwanayen juyi ce. Ni ban ga haka ba, don ita ce ta fi buɗe ƙofa ga ƙananan ƙasashe. A Doha a 2014 Alia Atkinson ta Jamaika ta ci mita 100 na iyon kwaɗo, ta zama baƙar mace ta farko da ta ci kambun duniya a ninƙaya. Tafkin ma bai da wuyar samu: a 2004 a Indianapolis, cikin zauren ƙwallon kwando aka harhaɗa na wucin gadi.

Gasar ta je Rio, Hong Kong, Dubai, Istanbul, Melbourne, amma har 2024 ba ta taɓa zuwa Afirka ba. Kuma ba gwanayen ruwa muka rasa ba, wanda ya ga wasannin kabanci a bikin Argungu shaida ne. Abin da rafi da dam ba za su koya wa yaro ba shi ne bango, da layi, da agogo. Ka tuna Eric Moussambani na Equatorial Guinea, wanda a tafkin otal ya yi atisaye, bai taɓa ganin na mita 50 ba sai a Sydney a 2000. Ya yi mita 100 shi kaɗai cikin minti 1 da daƙiƙa 52.72, domin abokan karawarsa biyu an kore su saboda sun yi riga-malam-masallaci wajen tashi. Ɗaya daga cikinsu maƙwabcinmu ne, Karim Bare na Jamhuriyar Nijar.