Ikon 'Yan Sanda na Neman Shaida da Matsalar Launin Fata a Tarihin Amurka

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin wata tambaya wadda kotunan Amurka suka daɗe suna kai-kawo a kanta, watau yaushe ne ɗan sanda yake da ikon tsayar da mutum a hanya ya ce masa ya faɗi ko shi wane ne. A tamu fahimtar ba za a gane hukunce-hukuncen da aka yanke ba sai an san mutanen da aka fara yi wa wannan tambaya, da kuma dalilin yin ta.

Asalin al'amarin

Tun a shekarar 1704 yankin Karolina ya kafa 'yan sintiri na musamman domin sa ido a kan bayi. Duk bawan da aka samu a wajen gonar ubangijinsa ba tare da rubutaccen izini ba, sai a yi masa bulala a mayar da shi. Baƙin mutum wanda yake ɗa shi ma bai tsira ba, domin sai ya riƙa yawo da takardar 'yancinsa, in kuwa ya rasa ta ana iya kama shi a sayar. Watau launin fatarsa shi ne tuhumar, takarda kuwa ita ce abin wanke kai. Bayan an soke bauta a 1865, jihar Misisifi ta yi doka cewa kowane 'yantacce ya mallaki rubutacciyar shaidar yana da aiki a farkon kowace shekara, in ba haka ba a ɗauke shi mai zaman banza, a ci shi tara, in ya kasa biya a ba da shi ƙodago ga wanda ya biya masa. 'Yan ƙwadagon Sin ma sun ɗanɗana irin wannan, domin dokar Geary ta 1892 ta tilasta musu riƙe takardar zama a ƙasa.

Alhali kuwa tun 1791 gyara na huɗu na Tsarin Mulki ya hana bincike da kamu ba bisa dalili ba. Amma dokokin hana zaman banza da gantali suna da faɗi ƙwarai, har ɗan sanda bai rasa abin da zai fake da shi. Sai a 1972, a shari'ar Papachristou, Kotun Ƙoli ta rushe irin wannan doka ta birnin Jacksonville. Daga cikin waɗanda aka kama a ƙarƙashinta akwai mata biyu farare da maza biyu baƙaƙe da aka gani cikin mota ɗaya.

Daga Terry zuwa Hiibel

Shari'ar da ta zama ginshiƙi ita ce ta Terry da jihar Ohayo. Ranar 31 ga Oktoba 1963 wani ɗan sandan farin kaya a birnin Cleveland, Martin McFadden, ya ga John Terry da Richard Chilton, dukansu baƙaƙe, suna ta kai-da-komo suna leƙen wani kanti. Ya tsayar da su, ya tambayi sunayensu, ya laluba su, ya sami bindigogi. A 1968 alƙalai 8 daga cikin 9 suka ce bai karya doka ba. Kafin nan ƙa'idar ita ce sai da ƙwaƙƙwaran dalili ake riƙe mutum. Yanzu kuwa sai kotu ta yarda da wani mataki na ƙasa, watau zato mai madogara wanda ɗan sanda zai iya bayyana abin da ya gina shi a kai. Babban Joji Earl Warren bai ɓoye cewa baƙaƙe suna kukan muzgunawar 'yan sanda ba, amma ya ga ƙin karɓar shaidar da aka samu ba zai magance wannan ba. Mai shari'a Douglas kaɗai ya ƙi. Mai shari'a White kuma ya ƙara da cewa wanda aka tsayar ba dole ne ya amsa tambaya ba. Ya kamata a riƙe wannan batu, don za mu sake komawa kansa.

Hukunci biyu da suka biyo baya sun ɗan ja wa 'yan sanda linzami. A 1979 kotu ta wanke Zackary Brown, wanda aka ci tarar dala 45 don ya ƙi faɗin sunansa a wani lungu na El Paso, domin kasancewar mutum a unguwar da ake cinikin ƙwaya bai isa zato ba. Na biyun ya fi jan hankalinmu. Edward Lawson baƙi ne mai dogon gashi a murɗe, mai son tafiya a ƙasa da dare, sau da yawa a unguwannin farare na yankin San Diego. Tsakanin Maris 1975 da Janairu 1977 an tsare shi ko an kama shi sau 15 a kan wata dokar Kalifoniya mai neman shaida tabbatacciya abar dogara. Sau 2 kurum aka kai shi kotu, sau 1 aka same shi da laifi. A 1983 Kotun Ƙoli ta rushe dokar, don ba ta fayyace irin shaidar da ta wadatar ba, ta bar kome ga son ran ɗan sanda. Abin lura a nan shi ne kotu ta tsaya kan duhun kalmomin dokar, ba ta yanke hukunci a kan launin fatar Lawson ba, ko da yake shi ne abin da kowa ya gani.

Daga nan sai akalar ta juya. A shari'ar Whren ta 1996 dukan alƙalai suka ce muddin direba ya karya wata ƙa'idar hanya, komai ƙanƙantarta, tsayarwar ta halatta, ko mene ne ke zuciyar ɗan sanda. Mai kukan wariya ya nemi haƙƙinsa ta gyara na goma sha huɗu. Sai dai wannan hanya tana bukatar a tabbatar da niyya, ita kuwa niyya ba a cika samun mai furta ta ba. Sa'an nan a 2004, a shari'ar Larry Hiibel, wani makiyayi farar fata na jihar Nebada wanda aka nemi shaidarsa sau 11 ya ƙi, alƙalai 5 suka rinjayi 4 cewa jiha tana iya hukunta wanda ya ƙi faɗin sunansa in an tsayar da shi bisa zato mai madogara. Da wannan maganar White ta faɗi. Kotu ta tsaya kan faɗin suna ne, ba nuna kati ba, kuma abin ya danganta ga dokar kowace jiha; direba kuwa dole ne ya nuna lasisinsa.

Abin da alƙaluma suka nuna

To, wa ake tsayarwa? Shari'ar Floyd da birnin Niyok ta ba mu amsa mafi cika. Daga Janairu 2004 zuwa Yuni 2012 'yan sandan birnin sun yi tsayarwa miliyan 4.4. Kashi 52 cikin ɗari na waɗanda aka tsayar baƙaƙe ne, kashi 31 'yan asalin Latin Amurka, kashi 10 farare, alhali baƙaƙe kashi 23 ne na mazauna birnin, farare kuwa kashi 33. A kashi 88 an sallami mutum ba kamu ba sammaci. Hukumar birni ta kafa hujja da cewa alƙaluman sun dace da launin waɗanda aka fi tuhuma da laifi. Mu dai ba mu gamsu da wannan ba, domin galibin waɗanda aka tsayar ba a same su da kome ba, kuma an fi samun makami a jikin farare (kashi 1.4) bisa ga baƙaƙe (kashi 1.0). Ke nan zaton da ake yi wa baƙi ya fi rauni, ga shi kuma ya fi yawa.

A watan Agusta 2013 Mai shari'a Shira Scheindlin ta yanke cewa birnin ya keta gyara na huɗu da na goma sha huɗu, ta kuma ba da umurnin naɗa mai sa ido. Tsayarwar da ta haura 685,000 a 2011 ta sauko ƙasa da 12,000 a 2017, manyan laifuffuka kuwa ba su ƙaru a waɗannan shekaru ba kamar yadda aka yi ta tsoratarwa. Amma ko a cikin wannan ɗan adadin da ya rage, fiye da rabin waɗanda aka tsayar baƙaƙe ne.