Jirgin Wasiyya: Yadda Averof Ya Raba Santambul da Tsibiranta

A gaɓar Faliro, kudu da tsakiyar birnin Atina, akwai tashar da masu hannu da shuni ke ɗaure jiragen ruwansu na shaƙatawa, farare tas, masu injin da zai iya keta teku daga wannan nahiya zuwa waccan. Dab da su wani tsohon jirgi ne ruwan toka mai bututun hayaƙi uku, wanda a yau gidan tarihi ne. Sunansa Georgios Averof. Waɗancan sun fi shi ƙyalli, amma shi ne ya sauya taswirar Tekun Ejiyan a karo biyu da tazararsu ba ta wuce wata ɗaya da kwana biyu ba.

Shi ma da kuɗin attajiri aka fara sayensa. Georgios Averof Bagirke ne haifaffen Metsovo da ya yi arziki a Iskandariya ta Masar, kuma shi ya biya kuɗin sabunta filin da aka yi wasannin Olimfik na 1896. Da ya rasu a 1899, sai ya bar wasiyyar wani kaso na dukiyarsa ga sojan ruwan ƙasarsa. Bayan shekara goma, maƙeran jirage na Orlando da ke Livorno suka rasa mai sayen wani jirgi mai sulke da gwamnatin Italiya ta fasa karɓa saboda ƙarancin kuɗi. Turkawa sun taya, amma Girkawa suka riga su ajiye kafin alƙalami, kusan sulusin kuɗin, daga waccan wasiyya. A 1911 jirgin ya iso Girka: tsawonsa mita 140, nauyinsa kimanin tan 10,000, gudunsa ya haura kilomita 40 a sa'a.

Ta yaya jirgi ɗaya zai gagari daular Turkawa da ta taɓa mallakar gabashin Bahar Rum? Amsar tana fadar Santambul. Sarki Abdul'aziz ya gina ɗaya daga cikin manyan rundunonin ruwa na zamaninsa, amma da aka tuɓe shi a 1876 jiragen nan na cikin waɗanda suka tsare fadarsa ta gefen ruwa. Sarki Abdulhamid na Biyu bai manta da wannan ba. Ya kulle rundunar a mashigin Halic na Santambul wajen shekara ashirin, ƙarfe na tsatsa, matuƙa na tsufa ba tare da sun ga buɗaɗɗen teku ba. Bayan an sauke shi a 1909, sababbin shugabanni suka sayo tsofaffin jiragen yaƙi biyu daga Jamus, suka raɗa musu Barbaros Hayreddin da Turgut Reis, sunayen jaruman teku na ƙarni na 16. A ganina nan ne ainihin ciwon. Jirgi ana sayensa cikin shekara guda, amma mai harba igwa daga kan ruwa mai tangaɗi ya sami abin da ya auna, wannan sai an daɗe ana renonsa.

Yaƙin Balkan na Farko ya ɓarke a Oktoban 1912. Nan da nan kwamandan Girkawa, Pavlos Kountouriotis, ya kama tsibirin Lemnos, ya mai da tashar Mudros sansaninsa, kusa da bakin mashigin Dardanel. Ranar 16 ga Disamba manyan jiragen Turkawa huɗu suka fito. Kountouriotis na da tsofaffi uku, Hydra da Spetsai da Psara, masu jan ƙafa. Sai ya ɗaga tutar da ke nuna zai ci gashin kansa, ya bar su a baya, ya tura Averof shi kaɗai da gudu don ya sha gaban layin abokan gaba. Haka ya iya juya igwoginsa kan Barbaros, su kuwa na bayan Barbaros ba su da hanyar mai da martani yadda ya kamata. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a wannan karo, wanda ake kira yaƙin Elli, yawa bai yi rana ba. Turkawa suka koma cikin mashigi, ƙarƙashin inuwar igwoginsu na kan tudu.

Abin da ya biyo baya ya fi burge ni, domin a nan ne kowane ɓangare ya nuna basira. A Janairun 1913 wani matashin hafsa, Rauf Bey, ya sulale da jirgin Hamidiye cikin dare, ya ratsa shingen Girkawa, ya yi wa tashar tsibirin Syros ruwan wuta, ya nutsar da jirgin Makedonia. Manufar ita ce a ja Averof ya bi shi, a bar ƙofa a buɗe. Hankali ya tashi a Atina, har aka umarci Kountouriotis ya bi sawu. Ya ƙi. Ranar 18 ga wata rundunar Turkawa ta fito da zaton babu Averof, sai ta yi kiciɓis da shi kusa da Lemnos. Sun harba ɗaruruwan harsasai, 'yan kaɗan suka same shi, su kuwa manyan jiragensu suka koma da mummunar ɓarna. Ba su sake fitowa neman karo ba har yaƙin ya ƙare.

Asarar ba ta tsaya kan ƙarfe ba. Daular ba ta iya kai dakarunta na Anadolu da Sham zuwa fagen Balkan ta ruwa ba, kuma Lesbos da Chios da Samos da wasu tsibirai suka koma hannun Girka. Imbros da Tenedos kaɗai aka mayar wa Turkiyya a yarjejeniyar Lausanne ta 1923. Rigimar iyakar ruwa da ta sararin sama da ƙasashen biyu ke yi har yau, a kan wannan rabo take tsaye.

Talakawan Turkiyya ba su haɗiye abin ba. Ƙungiyar tallafa wa sojan ruwa da aka kafa a 1909 ta shiga karo-karo, ma'aikata da 'yan makaranta da mata kowa na ba da abin da ya samu, don a taimaka wajen biyan manyan jirage biyu da ake ƙerawa a Ingila, Reshadiye da Sultan Osman. Kowannensu ya fi ƙarfin Averof nesa ba kusa ba. Rauf Bey ne aka tura ya karɓo Sultan Osman. A farkon Agustan 1914, Yaƙin Duniya na Farko na kunno kai, Winston Churchill, wanda ke riƙe da ma'aikatar sojan ruwan Birtaniya, ya sa aka ƙwace su duka biyu. Ko da dokar yaƙi ta ba shi wannan dama, ga wanda ya cire daga bakinsa ya bayar, zalunci ne tsagwaronsa. Jamus ta yi wuf ta miƙa wa Turkawa jiragenta biyu, Goeben da Breslau, kuma a ƙarshen Oktoba waɗannan jirage, ɗauke da tutar Turkawa, suka kai wa tashoshin Rasha hari a Bahar Aswad. Daular ta faɗa yaƙin da ba ta fita da rai ba.

Ranar 30 ga Oktoban 1918, Rauf Bey, a matsayin ministan sojan ruwa, ya sa hannu kan takardar tsagaita wuta a cikin jirgin Birtaniya Agamemnon, a tashar Mudros. Bayan 'yan makonni Averof ya ratsa Dardanel tare da jiragen ƙawance, ya jefa anga a gaban Santambul.