Mece ce ma'anar 'cross-carpet'?

Kalmar 'cross-carpet' na daga cikin kalmomin Turancin Najeriya da ƙamus ɗin Oxford ya sanar da shigarwa a farkon shekarar 2025, tare da irin su 'japa' da 'suya'.

Ma'anarta ita ce ɗan siyasa ya bar jam'iyyarsa ya koma wata, abin da Hausawa ke kira sauya sheƙa. A zahiri kalmar na nufin tsallaka darduma.

Asalin kalmar

Kalmar ta samo tushe ne daga tsarin majalisar dokokin Birtaniya, inda 'yan jam'iyyar gwamnati da 'yan adawa ke zama suna fuskantar juna, da fili a tsakaninsu. Duk wanda ya canza jam'iyya sai ya tsallaka filin, kamar yadda Winston Churchill ya yi a 1904.

A Najeriya kuwa, ana danganta shaharar kalmar da majalisar Jihar Yamma a Ibadan, bayan zaɓen 1951, lokacin da wasu wakilai da ake zaton suna tare da NCNC ta Nnamdi Azikiwe suka bi Action Group ta Obafemi Awolowo.

Yadda ake amfani da ita

An fi cin karo da kalmar a jaridun Turanci na Najeriya, kuma sau da yawa da zargi a cikinta, wato mutum ya bi inda maslaharsa take. A Ingila da Amurka ba kasafai ake jin ta ba.

Mutanen Rano da Kibiya ba baƙin lamarin ba ne. Kabiru Alhassan Rurum, wanda ya lashe kujerar Rano da Bunkure da Kibiya a majalisar wakilai a 2019 a ƙarƙashin APC, ya koma NNPP a 2022, sannan ya sake komawa APC a 2025. Haka ma Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu.

Abin da doka ta ce

Sashe na 68 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa ɗan majalisar tarayya da ya sauya sheƙa zai rasa kujerarsa, sai dai idan jam'iyyarsa ta dare ko ta haɗe da wata. Tanadin bai shafi gwamnoni ba.

Galibi masu sauya sheƙar kan kafa hujja da rikicin cikin gida, yayin da masu sukarsu ke cewa amanar masu zaɓe ce aka ci.